Yayen Talle a Tsibirin Kors

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. In na je rijiya sai a ajiye guga a kewaye ni, in na je barka ko gaisuwar mutuwa sai zance ya juyo kaina. Wannan ta ce, "Tabawa, wai da gaske sama kinka bi?" Waccan ta ce, "Garin da kinka kai ɗan nasara ya kai nisan Makka?" Nakan ba kowa guntu in wuce, don akwai wuraren da in na zo kansu murya takan ƙi fita. Yau da kuka taru, bari in ɗauko shi daga tushe. Wadda ta ji ta faɗa wa wadda ba ta zo ba.

Mijina Gado shi ke dafa wa nasaran nan abinci, wanda ake kira Mai Rijiya, don shi ke duba ginan rijiyoyi daga nan Dogon Dutsi har Sukukutane. Matarsa, wadda muke ce wa Madan, ta haihu a ƙarshen damina, zazzaɓi ya kama ta, ba ta ga arba'in ba. Ni kuwa a lokacin ɗiyata ta fari ba ta daɗe da komawa ba, nonona bai ƙafe ba. An gwada wa jaririn madarar gwangwani, yana sha yana mayarwa, har ya zama kamar ɗan tsako. Wata rana Gado ya shigo da shi a naɗe cikin tawul, ya tsuguna a bakin ɗaki ya ce, "Duba ko shi kama." Na juyar da kai na daɗe, sa'annan na miƙa hannu. Ya kama. Ubansa Antuwan yake kiransa, mu kuwa Talle muka sa masa, kuma sunan da yake amsawa ke nan.

Yana gab da shekara biyu aka ba Mai Rijiya hutu. Ya sa Gado ya kira ni, ya ce da Hausarsa mai karyayyen baya zai kai yaron wurin uwar Madan, a wata ƙasa da ruwan gishiri ya kewaye ta ko'ina, ana ce mata Kors. Na ce, "Mushe," don haka ake kiran nasara namiji da Faransanci, "ai ba a yaye shi ba." Ya ce saboda haka ne yake so in bi su, in yaye shi can a hannun kakarsa, mu dawo tare. Na dubi Gado. Gado ya ce, "Ko nan gida yaye ɗakin kaka akan kai shi. Ki tahi ki cika aikinki."

Na ɗaure ƙullina: zannuwa uku, garin gero na kunu, kuka, daddawa, da ɗan ludayin da Talle ke sha da shi. Muka shiga babbar mota, Mai Rijiya a gaba kusa da direba, ni da yaro a baya kan buhunan gyaɗa. A Kore Mairuwa na hango innata zaune a gindin itacen bedi. Da ƙafa ta taso daga Dumega da ta ji labari. Ba ta gaishe ni ba ma, sai ta kama hannuna ta ɗaura mini laya.

Ta ce, "Na tambaya, an ce mutanen gidanmu ba su ƙetare ruwan gishiri. Daga bakin ruwan nan ke ɗaya ta, sai Allah."

Na ce, "Inna, ai Shi ya isa."

Ta dubi Talle da ke bayana, ta ɗan shafa gashinsa. Ta ce, "Na rasa jika ɗaya, ga na biyu za a kai inda ba a zuwa gaisuwa." Direba ya danna ƙaho, ta sake ni.

Hanyar Yamai ita ta fi ba ni wahala a duk tafiyar. An yi ruwa, mota ta kafe a laka tun ba mu kai Doso ba, maza suka sauka suna tura ta suna sa itace a ƙarƙashin ƙafafunta. Sai da muka kwana a hanya. A Yamai kuma aka kai ni wurin likita ya yi mini lamba a dantse, aka zaunar da ni gaban wani akwati mai baƙin mayafi aka ɗauki surata, aka manna a takarda. Da aka nuna mini ban gane kaina ba sai da na ga tsagen fuskata.

Jirgin sama daga nesa kamar shirwa, in ka matso ya fi rumbu goma. Cikinsa kujeru ne a jere, ana ɗaure mutum da ɗamara kamar za a yi masa kaciya. Da ya fara gudu na yi kalmar shahada, da ya ɗaga na runtse ido. Kunnuwana suka toshe. Talle ya fasa kuka, na jawo mayafi na ba shi nono, ya yi shiru. Wata nasara a kujerar gefe ta yi ta kallonmu, ta dubi fari a jikin baƙi, ta dubi Mai Rijiya, ta yi masa magana. Ya ba ta amsa gajeriya, ta juya, ba ta sake waiwayowa ba. Ban tambaye shi abin da suka ce ba. Ta taga ba abin gani sai rairayi ja, babu itace babu gari. Mun sauka an ba jirgin mai a wata ƙasar Larabawa, muka sake tashi. Salla kuwa a zaune na yi ta, ban san gabas ba, na ce Allah Ya ga niyya.

Birnin da muka sauka sunansa Marsai, a bakin teku yake. A ƙofar fita akwai 'yan duwan masu binciken kaya. Ɗayansu ya kwance ƙullina, ya ɗauki garin gero ya murza, ya ajiye. Da ya buɗe ganyen daddawa sai ya ja da baya ya toshe hanci, ya kira abokinsa. Suka yi ta jujjuya ta da bakin alƙalami. Mai Rijiya ya yi musu bayani har gumi ya karyo masa, daga ƙarshe suka jefar da rabi a kwandon shara suka bar mini rabi. Har yau ban san laifin rabin da aka jefar ba.

A masauki mai gidan ta ba Mai Rijiya da ɗansa ɗaki mai kyau a ƙasa, ni kuma ta nuna mini can ƙololuwa ƙarƙashin rufi, inda sai ka sunkuya. Ana raba mu Talle ya sa ihu, ya riƙe zanena da hannu biyu. Da baƙi suka fara leƙowa, mai gidan da kanta ta ce a bar mini shi. Haka ɗan nasara ya kwana a ɗakin barori. Na yi ta hawa da sauka kan matakala ina neman inda ake ɗiban ruwa, ashe ruwan yana cikin bango, murɗa wani ƙarfe ake yi.

Da safe ina zaune a tsakar gidan ina dama kunu da ruwan zafin da aka ba ni, sai na ji an ce a bayana, "Ɗiyar Arewa, mi ya kawo ki nan?" Ludayi ya kusa faɗuwa daga hannuna. Wani dattijo ne baƙi, da buhun gawayi a kafaɗa. Tsagena ya gani ya gane ni. Sunansa Nomau, mutumin wajen Tawa, soja aka ɗauke shi tun yana saurayi, da aka gama yaƙi bai koma ba, yana dako a bakin ruwa. Ya sauke buhun ya zauna a kai. Hausarsa ta yi nauyi, yakan tsaya ya nemi kalma.

Ya ce, "An samu ruwa bana?"

Na ce, "An samu, Baba. Gero ya kai gwiwa da munka taso."

Ya yi ta maimaitawa, "Ya kai gwiwa," yana kallon ƙasa. Na zuba masa kunu a ƙoƙo, ya sha a hankali, bai bar ko ɗigo ba. Na tambaye shi tsibirin da za mu, ko da nisa. Ya ce in ta jirgin ruwa ne, a tashi da maraice sai gari ya waye, kuma ruwan wurin mugu ne, ko ƙato sai ya yi amai. In ta sama ne kuwa, mace ta ɗora sanwa, kafin ta kwashe tuwo an sauka. Na ce to shi me ya hana shi hawa na sama ya je gida, tunda tafiyar ta zama haka? Ya yi murmushi ya ce, "In tahi in iske wa?" Na ba shi sauran daddawata da rabin kukar. Ya sa a aljihun ƙirji, ya ɗauki buhunsa. Ban sake ganinsa ba.

Ta sama muka bi, don an ce teku ta tashi. Wannan jirgin ƙarami ne, yana rawa kamar jaki a kan tudu. Na leƙa na ga ruwa ba iyaka, shuɗi kamar an juye baba a marina, na tuna maganar innata na riƙe layar. Amma gaskiyar Baba Nomau ce. Talle ya kama nono muna tashi, barci ya ɗauke shi, bai farka ba sai ga duwatsu sun fito daga cikin ruwa. Mun taso da hantsi, mun sauka rana ba ta kai tsaka ba. To daga nan aka sake komawa wahala. Motar da ta ɗauke mu zuwa ƙauyensu ta yini tana nannaɗe duwatsu, hanya siririya, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami. Dutsenmu na nan da muke alfahari da shi, a can sai a ce masa suri. Sau biyu ana tsayawa ina amai.

Ƙauyen duk da dutse aka gina shi, gida kan gida. Matan garin baƙaƙen kaya suke sawa daga kai har ƙafa, don in an yi musu mutuwa sukan shekara da shekaru suna takaba, kafin su fita wata ta sake samunsu. Sun fito ƙofa-ƙofa suna kallona, yara suna bina suna nuna kumatuna. A ƙofar wani gida wata tsohuwa ta tsaya, gajeriya, busasshiya, bayanta ya ɗan ranƙwafa. Mai Rijiya ya cire hula ya gaishe ta. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zagayo bayana ta ga fuskar Talle, ta yi wani sauti a maƙogwaro, ta sa hannu ta zare shi daga goyo ba tare da ta ce mini komai ba. Yaro ya ga baƙuwar fuska ya tsala ihu, yana miƙo hannu yana "Inna, Inna." Ta rungume shi tana jijjigawa, yana ƙara tsandarewa. Na tsaya hannuna biyu a sake, zanen goyo a ƙasa. Sai da ya fara shiɗewa ta miƙo mini shi, fuskarta a murtuke.

Kwanakin farko ba daɗi. Ta ba ni ɗaki kusa da murhu, amma a saman murhun naman alade ne rataye jere-jere yana shan hayaƙi. Na gaya wa Mai Rijiya ba na ci, ya gaya mata, ta ɗaga kafaɗa. Washegari na ga ta ware mini tukunya. Abincinsu akwai wani tuwo da suke tuƙawa da garin 'ya'yan wani itace, ja-ja, mai ɗan zaƙi, da muciya kamar tamu, sai dai ba miya, da zare suke yanka shi. Akwai cukun awaki mai warin da ya fi daddawar da aka jefar mini. Sanyi kuwa ko da rana yana shiga ƙashi. Suna da awaki da yawa, kuma kamar mu, baƙo ba ya wuce ƙofa ba a ba shi abin sha ba. Ita da surukinta ba sa magana sai dole. Na gane tana ganin shi ya kai mata ɗiya ƙasar zafi ta mutu.

Wata rana da la'asar ta zaunar da mu, ni da Mai Rijiya, ta ce ya tambaye ni, ko ina wurin sa'ad da ɗiyarta ta cika. Na ce ina wurin, shi yana daji wajen rijiya, an aika a kira shi. Ta ce wa ya riƙe ta? Na ce ni. Ta ce ta yi magana? Na ce ta yi, amma da harshen da ko Gado mai jin Faransanci bai gane ba, kalma ɗaya take ta maimaitawa. Na faɗi kalmar yadda kunnena ya riƙe ta. Mai Rijiya ya buɗe baki zai juya mata, ya kasa, ya tashi ya fita. Ashe ba ta bukatar a juya mata. Da harshensu ne, uwarta take kira.

Aka bar mu mu biyu ba mai fassara. Ta matso ta kama hannuwana tana tambaya da ido. Sai na nuna mata. Na nuna yadda na ɗora kan Madan a cinyata, yadda na jiƙa tsumma ina shafa mata goshi, yadda na ɗiga mata ruwa a baki, yadda na shafe idanunta. Tsohuwa ta bi hannuna da kallo har na gama. Sa'annan ta ɗaga murya ta fara wani kuka mai kama da waƙa, tana kaɗa jiki gaba da baya. Maƙwabta suka shigo suka kewaye ta suna amsawa. Ni ma na yi nawa kukan, wanda ban samu yi ba tun rasuwar tawa ɗiyar, don a nan an ce ta fari ce, kunya ba ta bari.

Daga ranar muka zama abokan aiki. Na koya mata kalmomin Talle, don ba ya jin kowane harshe sai namu. In nuna ruwa in ce "ruwa", ta ce "ruba". Na koya mata "goyo", da "barci", da "ciwo". Na koya mata dama kunu, da garin gerona ya ƙare muka koma garin itacensu, ya ƙi, ya ƙi, ran nan ya sha. Goyo ne ya ba mu wahala. Su a hannu suke ɗaukar yaro. Na sunkuyar da ita na ɗora mata shi, na ɗaure zane na ƙara majanyi, ta miƙe tana tangaɗi tana riƙe bango, matan garin suna dariya. Ba ta kula su ba. Kullum sai ta goya shi ta kai shi ganin awaki, tun yana waiwayena yana kuka har ya daina.

Ranar yaye ina tunanin inda zan samu maɗaci, sai ga ta da wani ganye ta daka. Na ɗanɗana, ɗaci kamar na gida. Na shafa a nono. Talle ya zo da gudu kamar kullum ya kama, ya saki, ya dube ni. Bai yi kuka nan da nan ba, kallona kawai ya yi, irin kallon wanda aka ci amanarsa. Ya sake gwada ɗayan. Sa'annan ya juya ya tafi wurin tsohuwa ya ce, "Goyo." Abin da muke nema ke nan, amma sai da na fita bayan gida na dafa bango.

Da hutun Mai Rijiya ya ƙare, ya ce mu sulale yaro yana barci. Na ce a'a, kada ya farka ya nemi mutum ya rasa. A goya shi a kai shi wurin awaki kamar kowace safiya, ya gan ni zaune, mu kuma mu kama hanya bayan sun wuce. Na bar masa ludayinsa da zanena mai fari, wanda ya fi jin ƙamshina a jiki. Kafin ta goya shi tsohuwa ta tsuguna a bakin ƙofarta ta kankaro ƙasa da wuƙa, ta ƙulle a ƙyalle, ta sa mini a tafin hannu ta rufe da nata. Ta faɗi sunan ɗiyarta. Na gyaɗa kai. Na ɗaure mata goyon da kaina, na ce, "Talle, a gaida awaki." Ya ce, "To." Da mota ta sha kwana ta farko na hango su can kan tudu, baƙin kaya da farin zane a baya.

Komowa ban ga komai ba. Nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, ya jiƙa mini riga, zazzaɓi ya rufe ni. Muka ƙetare ruwan nan ban ko leƙa ba. A cikin babban jirgi Mai Rijiya, wanda bai taɓa zama kusa da ni ba, ya dawo kujerar gefena. Ya ce, "Tabawa, zai manta Hausa?" Na ce, "Shi manta, Mushe. Yaro ne." Ya ce, "Da ke?" Na ce, "Har ni. In bai manta ba, ba shi jin daɗin zama." 

Na iso gida an fara yankan gero. Washegari na ce wa Gado ya raka ni inda aka binne Madan, can gefen gari inda aka kewaye wa nasara da waya. Kabarinta da siminti, da sunanta a rubuce. Na kwance ƙyallen na zuba ƙasar a wajen kai, na ce, "Madan, na kai shi. Innarki ta karɓa, shina cin abinci, shina tahiya da ƙahwahunai." Na karkaɗe hannuna.

Muna komowa na tsaya a hanya. Na ce, "Gado, tawa fa? Ku maza kunka kai ta, ba wanda ya taɓa gwada mini wurin."

Ya ce, "Mata ba su zuwa can, kin sani."

Na ce, "Na sani."

Ya tsaya yana kallon ƙasa, ya dubi hanya gabas da yamma, ba kowa sai wata akuya. Sai ya juya ya nufi wajen itacen gawon nan na bayan gari, ya ce, "Taho."